Daddawar da Muke Ɓoye wa Zubair

Jama'a, ku gyara zama, don yau bakina ba zai rufu da wuri ba. Ga ni da wayar nan a hannu, ƙamshin daddawa bai bar yatsuna ba tukuna. Eh, ƙamshi na ce, ku yi ta dariyarku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Ramlat, 'yar Malam Tasi'u, a wani ɗan ƙauye gefen Tsanyawa, inda gonar wani ke ƙarewa a bayan katangar wani. Baba yana karantar da Alƙur'ani safe da yamma, tsakani kuma yana gona. Mahaifiyata, Inna Barira, daddawa take yi. Ba 'yar ta miyar gida ba fa, ta sayarwa, kwando guda duk ranar kasuwa. Idan ta dafa kalwa ta surfe ta wanke, ta sake dafawa ta rufe ta da ganye don ta nuna, baƙo ba ya tambayar gidanmu. Hancinsa ke kawo shi.

Sai kuma Zubair. Hmm! Zubair ɗan Watari ne, ya yi karatun aikin gona a Kano, ya daɗe a birni kafin ya dawo ya kama noman rani a ƙasan dam. Dashen tumatir ya kawo wa Baba, aka ce in kai wa baƙo ruwa a zaure. Ruwan da na kai ke nan, har yau ban huta ba. Dogo ne siriri, ga agogo, ga maganar nan a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Magana ta yi nisa, manya sun shiga, Baba ya ce da an gama girbin gero za a sa rana.

To, tun zuwansa zance na farko Inna ta kafa doka.

"Ke Ramlatu, yaron nan ɗan boko ne, ya ci zamansa a birni. Kada ki kuskura ki ajiye masa baƙin tuwo a gabansa ki ja mana magana. Kuma ki zo mu kwashe kwandunan nan."

Haka muke yi duk ranar da zai zo. Mu kinkimi kwandunan daddawa mu tsallaka da su gidan maƙwabta, mu share tsakar gida, Inna ta turnuƙa turaren wuta har kaji su riƙa atishawa. Ni kuma in shiga madafa da wayata a jingine jikin turmi, ina kallon matan birni suna girki ina kwaikwayo. Taliyar leda biyu, da duk hodar da ke cikinta, in ƙara dunƙule, in yanka tsiran naman nan na leda mai ruwan hoda, in soya ƙwai ya yi iyo a mai, in lafta mayonis a kai. Gefe ga kek na kanti, ga lemon kwalba mai sanyi da ake sayo mana da ƙanƙara daga Tsanyawa. In jera a tiren da Inna ke ɓoyo a ƙasan gado, in sa doguwar rigata mai ruwan zuma, in yafa gyale, in tafi ina rangaji.

Shi kuwa bawan Allah ya cinye tas. Ina zaune a ƙarshen tabarma ina leƙen farantin ta gefen gyale, zuciyata fal.

"Ya yi daɗi?"

"Sosai ma."

"In ƙaro?"

"A'a, a'a! Alhamdu lillahi."

Ni ina ce kunya ce.

Abin da ya fara damuna, duk ranar da ya zo ya tafi, sai ya ɓace. In tura saƙo, shiru. In kira, ta ƙaraci ruri ta katse. Sai can bayan na gama kumbura na sace, saƙo ya shigo: "Afuwan ranki ya daɗe, taifot ce ta ɗan taɓa ni. Na karɓi magani a kemis." Wace irin taifot ce wannan da ta san ranar zance? Kuma yana ta ramewa. Agogon nan da na ce muku, sai da ya riƙa zamowa har gadon hannu.

Ranar Talatar da ta wuce ina shanyar daddawa a kan rufin akurki, saƙon murya ya shigo daga Khaulat, ƙanwarsa, wadda muke ɗasawa da ita. Na danna ina murmushi, na kara a kunne. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan ɗaki take magana.

"Anti Ramlat, don Allah kada ki ce ni na faɗa miki. Yaya ba taifot yake ba, har asibitin Kano aka kwantar da shi. Mama ta ga jini a bayan gidansa. Ta ce ta lura, duk ranar da ya ci abincin gidanku sai ya kwanta. Ta ce... ki yi haƙuri fa... ta ce gidan malamai ne, su suka san abin da suke zuba masa. Ta rantse ba zai ƙara sa komai na gidanku a baki ba, kuma ta ce baffanninmu su dakata da maganar sa rana."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna daɓas a kan turmi. Sammu? Mu? Baban da ko rubutun sha ba ya yi wa mutum sai ya ce masa ya je asibiti tukuna? Auren da nake mafarki ya tafi, wannan ɗaya ke nan. Amma abin da ya fi ƙona ni, in maganar nan ta fita, wace uwa ce za ta ƙara turo ɗanta gaban Baba da allo? Ga shi ranar Asabar ce gayyar girbinmu, kuma bisa al'ada Zubair zai zo da abokansa su taya surukinsa aiki, a ci abinci tare a gona kowa yana gani.

Na share hawaye na rubuta masa: "Ko ka kira ni yanzu ka faɗa mini gaskiya, ko in hau mota in zo Watari da kaina."

Na ga yana rubutu. Ya goge. Yana rubutu. Ya goge. Haba, kamar in shiga wayar in finciko shi! Sai ga kira.

"Ramlat, maganar ba ta da daɗin ji. Maganar bayan gida ce."

"Ni 'yar mai daddawa ce, babu warin da zai kore ni. Faɗi."

Wallahi sai da ya yi dariya, sannan ya yi ajiyar zuciya ya fara. Ya ce tun yana makaranta a Kano abin ya soma: murɗawar ciki, zawo, wani lokaci da majina da jini. Duk sanda ya taso ya je kemis, a ce taifot ce ko atini, a haɗa masa kafso ja da rawaya ya yi ta sha. Sai wannan karon da ya faɗi a gona aka kai shi babban asibiti, wata likita, Dakta Hafsatu, ta sa aka leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara. Ta ce babban hanjinsa ne ya kumbura ya yi gyambo, ciwon da suke kira kolaitis.

"Me ya kawo shi?" na ce.

"Ta ce ba abu ɗaya ba ne. Akwai yanayin halittar mutum da ya gada, akwai garkuwar jiki da ke rikicewa ta koma faɗa da hanjin mai ita. Sannan akwai ƙwayoyin da ke zaune a cikin hanji."

"Tsutsar ciki?"

"A'a, bakteriya. Kowa yana da su, ke ma cikinki cike yake da su."

"Allah ya kiyaye! Cikina dai?"

"Wallahi. Kuma yawancinsu masu amfani ne. Ta ce in ɗauka hanjina gona ce, su ne ma'aikatan. Dusar hatsi da wake da ganye su ne abincinsu, in sun ci sai su samar da abin da ke ciyar da bangon hanjin ya yi ƙwari. Ni kuwa shekarun da na yi a birni ban ba su komai ba sai taliyar leda da lemo da biredi. Kafson da nake ta sha ba bisa ƙa'ida ba kuma yana kashe na kirkin tare da miyagun. Gona ta zama fili, ciyawa ta samu wuri."

Wani zargi ya ɗarsu a raina.

"Zubair, me da me ta ce ka rage?"

Ya fara kame-kame.

"Ina jin ka."

"Lemon kwalba. Kayan leda da na gwangwani da aka sarrafa a masana'anta. Naman leda. Soye-soye mai maiƙo da yawa. Mayonis, kek na kanti..."

Jama'a, tirena ya lissafa mini, tun daga wannan gefe har wancan! Ko cokalin bai bari ba. Na ɗora hannu a ka, na ma rasa kuka zan yi ko ihu.

"Ni ce ke nan! Ashe Mama ta yi gaskiya, abincina ne!"

"Ba ke kika sa mini ciwo ba, da abina na zo. Likita ma ta ce ba ta isa ta ce ga abu ɗaya da ke tayar da shi ba. Amma dai ni na san cikina, in na ci irin waɗannan ba na kwana lafiya."

"To don me kake ci? Don me kake sharce faranti?"

"Ke kika dafa," ya ce. "Kina zaune kina leƙena ta gefen gyale. Ta ina zan fara?"

Ku faɗa mini, me ake yi da irin wannan mutum? A rungume shi ko a rufe shi da duka? Na ce ya faɗa wa Mama gaskiya mana. Ya ce ya gwada, ta ce likita ba ya ganin sammu a na'ura. In kuma ya ce mata abinci ne, ai ya ƙara mata hujja a kaina. Shi ya sa ya kama bakinsa, yana shan maganin da aka rubuta masa, kuma jinin ya tsaya, yana samun sauƙi.

"To me likitar ta ce ka ci?"

"Yanzu da nake farfaɗowa, abu mai laushi, ba yaji. Kunu, tuwo mai taushi, miya mai yauƙi. In hanjin ya lafa in riƙa ƙara wake da ganye sannu-sannu, da kindirmo mai tsabta in cikina ya karɓa. Ta ce abinci ba zai maye gurbin magani ba, amma abincin gida ya fi mini." Ya sassauta murya. "Ramlat, in faɗa miki wani abu? Duk ranar da nake zaure ina fama da taliyar nan, ina jin ƙamshin miyar kukar Inna yana fitowa daga cikin gida. Yawuna har tsinkewa yake."

"Ka san Inna tana daddawa?"

"Tun daga kan kwanar gidanku nake sani. Turaren wuta ba ya iya mata."

Oh ni Ramlatu! Duk ɗaukar kwandon nan da muka sha, har bayana ya ƙage, ashe a banza.

Na sami Inna a gindin murhu na zayyana mata komai. Da na zo kan maganar sammu, muciyar da ke hannunta ta tsaya cak. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna tana kallon wuta har tuwon ya fara kamawa. Na tsorata, don Inna ba ta shiru.

"Kada Malam ya ji," ta ce daga ƙarshe.

"Inna, ranar Asabar ba zan dafa taliya ba. Abin da 'yan gayya za su ci shi zai ci."

"A gaban abokansa 'yan boko? Baƙin tuwo?"

"Shi ya ce yawunsa tsinkewa yake in ya ji miyarki."

Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Wallahi."

Ta gyara ɗaurin zane, ta ci gaba da tuƙi da ƙarfi kamar tuwon ne ya yi mata laifi. "To matsa. Ba ke za ki kaɗa miyar nan ba, hannunki bai faɗa ba. Kuma ɗebo mini daddawar can ta ƙasan tulu, wadda na hana sayarwa."

Asabar ta zo. Tun da hantsi gonarmu ta cika, samarin ƙauye ga su, abokan Zubair ga su sun zo a babura. Wasu na yanke zangarniya, wasu na tarawa, wasu na ɗaure dami, ana ta tsiya da dariya. Na hango shi cikin tsohuwar riga mai gajeren hannu da malafa, yana ɗauri a hankali, abokansa suna karɓe masa mai nauyin ba tare da sun nuna ba. Ni kuwa na sa atamfata kore mai zanen ganye, na ɗaura kallabi, na ja kwalli, na ɗora farin mayafi. Wai ni mai kai abinci gona. Inna ta harare ni ta ce, "Biki za ki?" amma ita ma sabon zane ta ɗaura.

Da rana ta take muka sauke kwanuka a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gona. Tuwon dawa malmala-malmala, miyar kuka da busasshen kifi, ga fura a ƙwarya. Na Zubair daban a ɗan kwanon sha mai murfi, tuwon ya fi taushi, miyar babu barkono. Ana buɗe tukunya ƙamshin daddawa ya bugi gonar, wani abokinsa ya ce, "Kai! Yau akwai magana." Baba ya zauna a kan buzunsa ya ce kowa ya matso.

Sai muka ji ƙarar a-daidaita-sahu a kan burtali.

Ta tsaya a bakin gona. Khaulat ta fara fitowa, idonta a ƙasa, da kwando a hannu. Bayanta sai ga Hajiya Kaltume, mahaifiyar Zubair, cikin leshi ruwan toka da babban mayafi, fuskar nan a murtuke. Jama'a, uwar saurayi a gonar surukai ranar gayya! Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba. Hayaniya ta ɗauke ɗif. Na ji kamar in nutse cikin kunyar gero.

Ta tako har gindin ɗorawa, ta ɗan rusuna.

"Malam, barka da aiki. Allah ya sa albarka."

"Amin Hajiya, sannu da zuwa. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Abincin Zubairu na kawo masa. Ba ya cin na waje."

Baba ya dube ta. Ya dubi kwanon da ke hannuna. Na ga lokacin da maganar ta isa inda aka aike ta, don tasbahar da ke yatsunsa ta daina tafiya.

"Hajiya," ya ce a hankali, "a gonata babu na waje."

Ta karɓi kwandon daga hannun Khaulat ta yaye tawul ɗin da ke kai, ta fara fitarwa tana jerawa a kan tabarma. Ni kuma ina tsaye ina kallo, idona yana ƙara girma. Lemon malt gwangwani biyu. Madarar gwangwani, ta haɗawa da shi don ƙarin jini. Biredi mai yanka-yanka. Soyayyen nama yana ɗigar mai. Ta buɗe kula, sai ga taliyar leda da ƙwai, har da tsiran naman nan mai ruwan hoda.

Tirena! Tirena ne sak, kek da mayonis kawai babu! Wata muguwar dariya ta taso mini tare da kuka, na cusa gefen mayafi a baki. Inna ta mintsine ni a cinya, amma na ji ita ma jikinta yana girgiza.

Zubair ya ajiye igiyar damin da ke hannunsa, ya cire malafa, ya zo ya durƙusa tsakanin Baba da mahaifiyarsa. Gumi yana bin wuyansa. Mutumin da ko sunana ba ya iya faɗa a gaban Baba.

"Baba, ku gafarce ni, zan yi maganar da ba a yi a gaban manya, balle a kan abinci. Shiruna ne ya kawo mu nan." Ya ɗago kai. "Ina da ciwon hanji. Zawo nake yi da jini, tun ina makaranta, tun ban san hanyar garin nan ba. Babu wanda ya zuba mini komai."

Samarin nan duk suka sunkuyar da kai. Wani ya fara tonon ƙasa da tsinke.

"Zubairu, rufe mini baki," in ji Hajiya. "Ni na ga ranakun da kake kwanciya."

"Gaskiya ne Mama, kin gani. In na je wurinta, abin da take ba ni ke nan." Ya nuna tabarmar. "Irinsa sak. Ba sa ba ni abincin gidansu, sai su sayo na kanti don su girmama ni. In na dawo na kwanta, ke kuma ki haɗa mini malt da madara safe da yamma don in yi jini, ki soya mini nama. Ita tana ba ni don tana so na, ke kina ba ni don kina so na, ni kuma ina ci don ina jin nauyinku. Likita ta ce irin abincin da zan rage ke nan."

Hajiya ta dubi kayan da ta jera. Ta ɗauki gwangwanin madarar ta juya shi a hannu kamar yau ta fara ganinsa.

"Wannan ɗin? Wanda nake tashi in haɗa maka da hannuna?"

"Ba ke kika sa mini ba, Mama. Ba ita ba ce kuma. Likita ta ce ciwon ba laifin kowa ba ne, kuma da magani da kula ana zaune da shi lafiya."

Tausayinta ya kama ni, wallahi, duk da abin da ta faɗa a kanmu. Na san abin da take ji, ni ma na ji shi ranar Talata a kan turmi.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na matsa na durƙusa, na ajiye ɗan kwanon a gabanta, ba a gabansa ba, na buɗe murfin.

"Mama, ga abin da aka dafa masa yau. Tuwon dawa ne da miyar kuka, babu yaji. In kin yarda ya ci. In ba ki yarda ba, in mayar."

Ni dai idona yana kan zoben da ke yatsanta. Sai ta ce, "Khaulat, ba ni buta."

Ta wanke hannu. Ta gutsuri tuwon, ta dangwali miya, ta yi bisimilla ta kai baki, gona guda tana kallo. Ta tauna a hankali. Ta sake gutsura, wannan karon lomar ta fi girma. Ta uku kuwa har da sharce gefen kwano.

"Mama, nawa ne fa," in ji Zubair.

Gonar ta fashe da dariya, har Baba sai da ya sa hannu ya rufe baki. Hajiya ta tura masa kwanon tana goge ido da bayan hannu, wai hayaƙi ne, alhali ko wuta babu a wurin.

"Wa ya yi daddawar nan?"

Inna ta fito daga bayana, ta gyara sabon zanenta. "Ni ce. Sana'ata ce. Mu muke kwashe ta mu kai maƙwabta in zai zo."

"Kuna kwashe wannan ku ba shi taliya?"

"Ke ma ai ga taki taliyar nan," in ji Inna.

Na ce shi ke nan, Inna ta ɓata. Sai na ga Hajiya ta kama baki, kafaɗunta suna rawa, su biyun suka tuntsire da dariya kamar tare suka yi 'yanmatanci. Da dariyar ta lafa, Hajiya ta juya wajen Baba ta durƙusa sosai, gwiwa biyu a ƙasa, leshin nan a cikin turɓaya.

"Malam, na yi zato marar kyau a kan gidanka, har na furta. Ka yafe mini."

Tasbahar Baba ta ci gaba da tafiya. "Uwa ce ke, kin ga jini. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ku ci abinci kada ya huce."

Zubair kuwa ko ɗagowa bai yi ba. Ya cinye tuwon nan tas, kuma karo na farko tun da na san shi, ya miƙo mini kwano ya ce, "Akwai ƙari?"

Malt da naman, abokansa suka yi musu rubdugu. Da Hajiya za ta tafi, Inna ta cika mata kwandon da ta zo da shi da daddawa, ta ƙasan tulun nan. Mai a-daidaita-sahu ya toshe hanci, Hajiya ta ce masa in bai iya ba ya sauka ta tuƙa da kanta. Ta leƙo ta ce wa Inna, "A gaya wa Malam, baffanninsa suna nan zuwa ranar Juma'a bayan an sauko."

Juma'a, jama'a! Wannan Juma'ar! Na shige ɗaki na yi ta tsalle a kan katifa har Inna ta ce in na karya gadon da shi za a kai ni.

Ɗazu da la'asar ina kankare tukunyar miya, waya ta yi ƙara. Saƙon Zubair ne.

"Cikina lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma akwai magana. Dakta Hafsatu ta ce in na koma ranar Laraba in zo da mai dafa mini abinci, za ta yi mata bayani."

Na rubuta: "To?"

"Mama ta ce ita ce. Ni na ce ke ce."

Kafin in sami abin cewa, wani saƙon ya shigo daga lambar da ban sani ba. Saƙon murya ne. Na goge hannu a zane, na danna, sai ga muryar Hajiya Kaltume tana cika madafarmu:

"Ramlatu, na roƙi Malam ya ba ni aronki ranar Laraba, ya yarda. Na kama mana gaban mota, ni da ke. Zubairu ya zauna a baya, ya riƙe mana jaka."